Kan Bunsuru A Cikin Buhunmu

Ni da boko a aji uku muka rabu. Malamin lissafi ya gaji da ni, ni ma na gaji da bulalarsa, kowa ya kama gabansa. Na faɗi wannan tun da wuri don in an zo wajen ƙidaya a labarin nan kada wani ya yi mamaki.

Sana'ata faci. Rumfata tana bakin titi a Gyaɗi-Gyaɗi, da famfo da libar cire taya da rabin duro na ruwan gwada tayoyi. Amma a unguwa da ƙwallo aka fi sanina. Ba wai na iya ba. Lamba biyu nake tsayawa, kuma aikina ɗaya ne: in ƙwallo ta wuce ni, mai ita ba zai wuce ba.

Kulob ɗinmu na makanikai ne da direbobi da masu faci. Abokan gabarmu mahautan Tarauni. Fili ɗaya muke bugawa, wani faƙo mai tsakuwa a tsakaninmu da su, da darbejiya guda a gefe. Tun ana bin hannun hagu a titi ake yin gasar rago a filin nan. Wani mai hali zai kawo rago ya ɗaure a gindin darbejiyar, ƙungiyoyin yankin su kara, wanda ya ci wasan ƙarshe ya ja ragonsa. Babu kofi, babu takarda. Nama a cinye, abin da ke saura shi ne ƙaho. Mu in mun ci, sai mu sare saman kan gaba ɗaya, ƙaho biyun a haɗe da goshi, mu shanya, a jefa a buhu a bayan tayoyin rumfata. Shi ya sa ake ce mini mai tarihi.

Ba kowace shekara ake samun wanda ya ja rago ba. Sau da yawa mai ragon ne ke kwance abinsa ya gudu da shi, saboda wasa ya koma dambe. Na ga alƙalin wasa a kan darbejiya da usur a baki, ana jifansa da takalma daga ƙasa. Na ga an ciji kunnen ɗan wasan gabanmu, muka yi ta neman guntun a cikin ƙasa har aka kira magariba. Ni kaina akwai ranar da na bi lamba taransu, wani dogon mahauci mai faɗin kafaɗa, na sa masa ƙafa a ƙwauri. Ƙarar da ƙashin ya yi har masu gyaɗa na bakin fili sai da suka ji. Kafin a ɗauke shi 'yan'uwansa sun kwantar da ni sun yi ta tsalle a kan haƙarƙarina. Wata biyu ina kwana a zaune. Duk da haka in an tambaye ni sai in ce wasa ya yi kyau ranar.

Shekarar da soja suka koma bariki na riga na ajiye takalmi, ciki ya fito, gwiwa ta fara ƙara. Gari ya cika da fastoci da alkawari. Aka samu wani kansila da aka ɗora wa harkar matasa da wasanni, mutum mai fara'a da sabuwar hula kullum. Ya zo ya ce zai zagaye filin da katanga, ya kafa turakun ƙarfe da raga ta gaske, ya sa ƙofa. Mukullin ƙofar kuma kulob ɗaya za a ba. Su za su riƙa bugawa bayan la'asar, sauran kowa sai ya nemi izininsu.

Da farko ya ce a buga wasa, wanda ya ci ya karɓi mukulli. Dattawa suka ja shi gefe suka ba shi labarin kunnen nan. Sai ya canja magana. Ya ce yanzu mulkin farar hula ake, ba a ƙwatar abu da ƙarfi. Za a jera ƙungiyoyi biyar na yankin daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe bisa tarihinsu, wato yawan ragunan da kowa ya ci tun da aka fara. Kowa ya kawo shaidarsa nan da mako biyu.

A nan dole in kawo maganar Gola. Shi ne mai tsaron gidanmu tun muna samari, kuma sunan ya bi shi har matarsa ma haka take kiransa. Direban bas ne. Da muka tsufa muka watse, shi ya ƙi watsewa. Shi ke horar da sababbin 'yan wasanmu, shi ke tsince kwalba da ƙusa daga filin kowace Juma'a, shi ke cike ramuka da baro in damina ta wuce. Kansa ya sha gwiwa da turke ba adadi, har muna tsokanarsa cewa in ya girgiza kai ana jin motsi a ciki. Filin nan shi ne abin da yake da shi bayan iyalinsa.

Ya tsayar da bas a gaban rumfata ya leƙo ta taga.

"Mai tarihi, kawunan suna nan?"

"Suna nan a buhu."

"Bakwai ko?"

"Bakwai cif."

"To shi ke nan. Mun fi mahauta da ɗaya. Ka karkaɗe su kawai ka kawo ranar."

Da na ji maganarsa na zauna, da ba ku karanta wannan ba. Amma ni ne mai tarihi, kuma akwai shekara biyar da na yi ina bin babbar mota zuwa kudu, ban san abin da aka yi a bayana ba sai abin da aka gaya mini. Na ce bari in je in gani da idona.

Na tafi rumfar mahauta a Tarauni kamar mai sayen nama. Dogon nan da na karya shi ne babbansu yanzu, yana ɗingishi kaɗan, kuma duk lokacin da ya gan ni ɗingishin yana ƙaruwa don in gani.

"A'a, mai faci! Yau nama za a ci, ko ƙamshi aka zo shaƙa?"

"Yanko mini na marasa haƙori, baƙo na yi."

"Kai ne dai za ka zama marar haƙorin wata rana."

Yana yanka, ni idona yana bangon bayansa. Ga ƙahoni nan an kafe da ƙusa, a jere, kowanne da ƙusarsa. Na sa hannu biyu a aljihu ina lanƙwasa yatsu. Yatsu suka ƙare, na ƙara biyu. Na sake daga wancan gefen. Goma sha biyu. Na ce lallai kan Gola ya gama lalacewa, mutanen nan sun yi ta jan raguna ina can kudu ina ɗaure tamfol.

Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne mahauci ba ya zubar da kan rago. Mu ne jahilan da ke sare goshi mu lalata ƙwaƙwalwa. Su zare ƙaho suke yi ɗaya bayan ɗaya, kan ya tafi tukunya. Kuma rago, kamar yadda kowane yaro na goye ya sani, ƙaho biyu gare shi. Ni ƙusoshi na ƙirga.

Ban gaya wa Gola ba. Na ce in na gaya masa zai ce a je a faɗi gaskiya, shi haka Allah ya yi shi. Na yi lissafina ni kaɗai: bakwai gare mu, ana neman abin da ya fi sha biyu, saura shida. Wannan lissafin kam daidai na yi shi, har na ji daɗin kaina.

Na hau acaɓa na tafi can wani gefen gari inda ake babbakar kai da ƙafa, inda ba wanda ya san ni. Na samu kawunan rago biyar masu ƙaho. Na shida ya gagara. Mai babbakar ya ce sai dai bunsuru. Na juya shi, na duba, na ce a cikin taro wa zai tsaya duba na ƙasan tari? Na haɗa da shi.

Na sare su yadda muke yi. Na ƙona tsohuwar taya na turara su da hayaƙin, na shafe su da baƙin mai, na binne a bayan rumfa don su tsufa. Kwana tara. Karnukan unguwa suka mayar da wurin majalisa. Mai shayin da ke kusa da ni ya ce wari na korar masa mutane, na ce ɓera ne ya mutu a cikin taya. Ya ce wannan ɓeran kam ya kai ɗan maraƙi.

Ranar ta zo. Bayan la'asar aka kafa tebur da benci a gindin darbejiya. Fili ya cika, har da masu rake da masu ruwan sanyi. Kansila ya yi dabara, ya sa dattawa a bakin fili suna karɓe wuƙaƙe da libobi da sifanu, aka tara su a cikin baro. Bai tuna cewa shi da bakinsa ya ce kowa ya zo da ƙaho ba.

Aka fara da 'yan asibitin koyarwa, ma'aikatan jinya da ɗalibai, waɗanda ba su daɗe da kafa kulob ba. Kyaftin ɗinsu, wani nas mai gilashi, ya miƙe hannu wayam.

"Ranka ya daɗe, mu ba mu taɓa cin rago ba. Amma duk wanda ya ci a 'yan shekarun nan mu muka ɗinke shi. In ana lissafa wannan, a ba mu mukulli."

Aka yi dariya. Ƙauyen Alu suka ajiye shaidar rago biyu. Unguwar Gano uku. Saura mu da mahauta. Kansila ya ɗaga kai zai kira su, ni kuwa don ɗoki na riga na jawo buhu zuwa gaban tebur. Na kama gindinsa na zazzage.

Wari ya fara isa kafin kawunan su gama zubowa. Kansila ya sa hula a hanci. Magatakardansa ya ƙirga da tsinin takalmi.

"Goma sha uku."

Samarinmu suka ɓarke da ihu, su ba su san komai ba. Na waiga in ga Gola. Yana tsaye bakinsa a buɗe, yana kallon tarin, yana kallona.

Dogon mahauci ya taso a hankali da ɗingishinsa. Ya kwance wani ƙunshi, ya fara ajiye ƙahoninsu a kan tebur. An ɗaure su da igiya bibbiyu, dama da hagu. Ɗauri ɗaya, biyu, uku. Da ya kai shida ya tsaya ya karkaɗe hannu.

"Shida gare mu, ranka ya daɗe. Su bakwai gare su, kowa ya sani. Wallahi mun zo ne mu karɓi na biyu mu yi musu barka. Har na gaya wa yarana ba wanda zai ɗaga murya."

Na dubi ɗaurin nan shida, na dubi yatsuna.

Ya tsugunna gaban tarinmu. Ya ware bakwai gefe ɗaya ba tare da ya yi shakka ba, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ya ɗauki ɗaya daga sauran, ya shinshina, ya murɗa ƙahon. Kubensa ya zare ya fito, cikin jiƙe sharkaf, da tsutsotsi suna motsi.

"Wannan ragon makon jiya yana cin dusa."

Sai ya tona ƙasan tarin ya ɗago na ƙarshe, ya ɗaga shi sama yana juyawa don kowa ya gani.

"Jama'a, ku taya ni gani. Mai faci, wace shekara aka yi gasar bunsuru?"

Fili ya kwashe da dariya, har kansila. Nan ne ya kamata in durƙusa in ce shaiɗan ne, a yafe mini. Da an zage ni, an ba mu bakwai ɗinmu, an tashi. Gola ma ya matso yana cewa, "Ranka ya daɗe, bakwai ne, bakwai ne, a yi haƙuri da shi." Amma ni ba a taɓa yi mini dariya na yi shiru ba. Bakina ya riga hankalina.

Dogon yana da yaya wanda ya tsare musu gida shekaru, mutumin kirki, ya rasu bai fi shekara ba. Na ce, da ƙarfi yadda na baya za su ji:

"Shekarar da yayanka ke raga. Mai ragon ya ce wasa da irin wannan gola bai kai a sa rago ba."

Dariyar ta ɗauke ɗif.

Ban ga tasowarsa ba. Kan bunsurun nan da ke hannunsa shi ya sauke mini a baki. Na ji wani abu ya fashe a cikin kaina, na faɗi zaune, na tofar da haƙora huɗu a tafin hannuna tare da jini da baƙin mai. Kafin in gane sama da ƙasa, samarinmu sun yi kan tebur, mahauta sun yi kan tarin. Kowa ya sunkuya ya ɗauki tarihi ya riƙe a hannu.

Ban taɓa ganin faɗa irin na ranar ba, kuma na ga da yawa. Ƙahon rago ba ya yanka kamar wuƙa, huda yake yi ya yage. Na ga wani makanikenmu an tsaga masa kumatu har ana hango haƙoransa ta gefe. Na ga an maka wa wani mahauci benci a gadon baya ya kife bai ƙara motsi ba sai da aka zuba masa ruwa. 'Yan Unguwar Gano sun shigo rabo, aka fasa wa ɗaya goshi, sai suka fasa rabon suka shiga da ƙahonin ragunansu uku. Masu rake suka rasa rakensu, ya zama sanda. Dattawa biyu suka kwanta a kan baron wuƙaƙen nan suka rungume shi, ana ja suna salati, kuma su ne suka hana a yi gawa ranar. Kansila ya shige ƙarƙashin tebur, teburin ya tafi ya bar shi.

Ni ina ƙasa ina rarrafe, ana taka ni. Sai na ga ɗingishin nan ya nufo ni. Ya yar da bunsurun, ya ɗauko ƙafar benci mai ƙusa a jiki, ya ɗaga da hannu biyu saitin kaina. Idonsa ya yi ja, yana kiran sunan yayansa. Na rufe ido.

Ƙarar da na ji irin wadda na taɓa ji ce a ƙwaurin dogon. Na buɗe ido na ga Gola a kaina, ya yi irin faɗuwar da yake yi a raga, ya tare da hannun dama. Hannun ya lanƙwashe a inda ba gaɓa. Bai yi ihu ba. Ya dube ni kawai ya ce, "Bakwai na ce maka."

'Yan asibiti ne suka kwashe mu, mu goma sha wani abu, mu da mahauta a mota ɗaya, jinin kowa yana bin na kowa a ƙasan motar. Nas mai gilashin nan, gilashin saura ido ɗaya, shi ya ɗinke mini leɓe.

"Baba, buɗe bakin. Ɗazu ai ba roƙonka aka yi ba ka buɗe shi."

Hannun Gola ya karye wuri biyu. Wata huɗu bai riƙe sitiyari ba, kuma har ya bar duniya hannun bai miƙe daidai ba.

Bayan mako guda aka liƙa takarda a jikin darbejiya. Na sa aka karanta mini, don idona ya kumbura, ko da yake ko bai kumbura ba sai an taya ni. Mahauta na ɗaya. Unguwar Gano na biyu. Ƙauyen Alu na uku. 'Yan asibiti, da ba su taɓa cin ko kaza ba, na huɗu. Mu na biyar. Kansila ya ce wanda ya cakuɗa shaidarsa da ƙarya ya zubar da ita duka. Ba wanda ya yi gardama. Aka yi katanga, aka sa ƙofa, dogon mahauci ya rataya mukulli a wuya.

Samarinmu suka daina gaishe ni. Wasu suka koma bugawa a Unguwar Gano. Waɗanda suka rage suna taruwa a bakin kwalta suna buga ƙwallo tsakanin motoci. Gola bai zo rumfata ba, ni ma kunya ta hana ni zuwa gidansa, sai dai in aika da lemo a dawo mini da shi.

Wata safiya ina cire ƙusa daga taya sai na ga inuwa a kaina. Gola ne, hannu a cikin filasta an rataye a wuya.

"Tashi."

"Ina za mu?"

"Roƙo. Kai ka zubar, kai za ka durƙusa."

Muka taka har Tarauni a ƙasa. Kasuwa ta cika. Dogon yana saran ƙashi a kan kututture. Da ya gan mu ya ajiye gatarin, ya goge hannu, ya zagayo ya kama hannun Gola na hagu da hannu biyu.

"Malam, wallahi ba kai na nufa ba."

"Na sani. Da ni ne a wurinka da na nufe shi ni ma. Yarana ba su da wurin wasa, shi ya kawo ni."

Dogon ya dube ni. Na durƙusa a cikin ruwan wankin nama, na ce na yi ƙarya a kan mamaci, yayansa gola ne na gaske, ya taɓa kama fenaritina har biyu. Wannan gaskiya ce. Na roƙi gafara. Dogon ya ce:

"Allah ya ji ƙansa, shi ba ya riƙo. Amma ba ka gama ba. An ce kai ne mai tarihi. Tashi ka karanta wa kasuwa jerin."

Na miƙe. Mahauta suka ajiye wuƙaƙe, mata masu cefane suka tsaya.

"Na ɗaya?"

"Mahautan Tarauni."

"Ba a ji a layin 'yan kifi ba."

Na ɗaga murya. Iska tana fita ta gurbin haƙora, kowace kalma da fito a cikinta. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har na zo na biyar, na faɗi sunan unguwarmu da bakina. Wata tsohuwa ta tambayi ta kusa da ita ko tallan magani nake yi.

Dogon ya ce ranar Talata da Alhamis, daga azahar zuwa la'asar, lokacin da suke kasuwa, a zo a karɓi mukulli a dawo da shi kafin su taso. Lokacin da rana ke tsakiyar ka ke nan, tsakuwar filin tana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Gola ya yi godiya kamar an ba shi kujerar Makka.

A hanyar komawa na ce masa ko zan riƙa zuwa ina taya shi tsintar kwalba.

"Ka zo," in ji shi. "Amma in an ci ƙwallo, ba kai za ka ƙirga ba."